Du-Bro: Gidan da Ya Ginu a Kan Ƙananan Ƙarafa

A Amurka akwai mutanen da ke ƙarar da Asabar da Lahadinsu a wani fili bayan gari, suna tuƙa ƙananan jiragen sama daga ƙasa da akwatin rediyo a hannu. Da yara a cikinsu, amma abin ya wuce wasan yara. Akwai jirgin da faɗin fukafukansa ya kai mita biyu ko uku, gudunsa ya haura kilomita 100 a awa, mai shi kuma ya shafe watanni yana fama da katako da gam kafin ya kai shi fili. In ka tambayi irin wannan mutum abin da ke cikin jirginsa, da inji zai fara: O.S. ne ko Saito, daga Japan. Sai ya koma kan rediyo, Futaba ce ko Spektrum. Da wuya ka ji ya ambaci ɗan ƙarfen da ya haɗa sandar tuƙi da jelar jirgin, wanda tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. To amma ranar da ɗan ƙarfen nan ya ɓalle a sama, inji da rediyo da wahalar watannin duk a ƙasa za a tsince su.

Irin waɗannan ƙananan kaya su ne sana'ar kamfanin Du-Bro, wanda ke garin Wauconda a jihar Illinois, arewa maso yamma da birnin Shikago. Gari ne na mutum kusan 14,000 a bakin tafkin Bangs. Dewey Broberg ya kafa kamfanin a 1959, daga sunansa aka yanko sunan, kuma ya ci gaba da zama a hannun iyalinsa shekara sittin da 'yan kai, a cikin harkar da manyan kamfanoni suka yi ta tashi suna faɗuwa.

Sai an san yadda harkar take a 1959 kafin a gane abin da Broberg ya hango. Tuƙa ƙaramin jirgi da rediyo ya girmi Yaƙin Duniya na Biyu. Tagwaye biyu, Walt da Bill Good, sun ƙera jirginsu mai suna Guff a ƙarshen shekarun 1930, suka ci gasar ƙasa da shi, yau yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian. Sai dai a wancan zamani dole mutum ya zama gwanin rediyo mai lasisi kafin ya taɓa harkar. A 1952 ne hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wani zango a kan mega 27 wanda kowa zai iya amfani da shi ba tare da jarrabawa ba. Duk da haka, zuwa ƙarshen shekarun 1950 masu rediyo tsiraru ne. Yawancin masu sha'awar ko dai su saki jirgi ya tashi da kansa su bi shi da gudu, ko su riƙe shi da dogayen wayoyi biyu yana kewaya su. Mai rediyo ɗin ma sau da yawa maɓalli ɗaya gare shi: danna sau ɗaya jirgi ya karkata dama, sau biyu ya karkata hagu, kuma murɗaɗɗiyar roba ce a ciki take juya jelar.

Abu ɗaya ya haɗa dukkansu, wato injin. Tun 1947, lokacin da Ray Arden ya fito da filogi mai zare, ƙananan injuna suka rabu da nauyin kayan wuta. A cikin filogin akwai siririn zaren ƙarfe mai filatinam. Za ka haɗa masa batir na kusan bolt ɗaya da rabi, zaren ya yi ja, ka buga farfela da yatsa, inji ya kama, sannan ka cire batirin. Daga nan zafin ƙuna da haɗuwar filatinam da man metanol su ke riƙe zaren da zafi har mai ya ƙare. Matsalar ita ce yadda za ka maƙala wayar batir a kan filogin ta zauna daram, sannan ka cire ta da hannu ɗaya, alhali farfela na juyawa dab da yatsunka. Kayan farko da Broberg ya fitar maganin wannan ne: ɗan maƙali mai suna Kwik-Klip. Abin lura shi ne bai zaɓi ɓangare ba. Mai sakin jirgi, da mai waya, da mai rediyo, kowa yana tada inji, don haka kowa mai saye ne. A ganina, a wannan kaya na farko aka aza duk halin kamfanin: nemo wurin da kowa ke jin haushi ba tare da ya kawo ƙara ba, ka yi masa magani mai araha.

Shekarun 1960 suka zo da juyin da ya buɗe kasuwar sosai. Injiniyoyi a Kalifoniya, irin su Doug Spreng da Don Mathes, suka fito da rediyon da jirgi ke bin hannun matuƙi daidai gwargwado: ka ɗan tura sanda, leɓen jela ya ɗan motsa, ka tura da yawa, ya motsa da yawa. Kamfanoni irin su Kraft da Orbit suka shiga sayar da shi. A cikin jirgin kuwa aka jera ƙananan na'urori da ake kira sarbo, kowanne da aikinsa: ɗaya na leɓen da ke ɗaga hanci da sauke shi, ɗaya na juya jela, ɗaya na leɓɓan fukafukai, ɗaya na totur. Kamfanin rediyo yana sayar maka da sarbo, kamfanin jirgi yana sayar maka da katako da zane, amma tsakanin hannun sarbo da leɓen da zai motsa akwai tazarar da sai ka cike da kanka. Da can kowa da dabararsa: a lanƙwasa waya, a ɗaure da zare, a liƙa da dalma, a yanko hinji daga ƙyalle. In ka kai fili ka ga jirgi yana ja gefe guda, sai ka koma gida ka sake lanƙwasa.

A wannan tazara Du-Bro ya kafa gida. Sanannen kayansa na zamanin shi ne Kwik-Link, ɗan ƙarfe mai baki biyu da aka yi da ƙarfen sifirin. A baki ɗaya akwai ɗan tsinke da ke shiga ramin ƙahon da ke jikin leɓen, ɗaya bakin ya rufe a kansa. Gindinsa kuwa yana da zare, ana murɗa shi a kan sanda kamar noti. Girman da aka fi amfani da shi ana ce masa 2-56, ma'ana zare 56 a cikin inci ɗaya. Ke nan murɗawa ɗaya tana ƙara ko rage tsawon sandar da ƙasa da rabin milimita. Mutum ya sauko da jirginsa, ya buɗe bakin da sukundireba, ya murɗa sau biyu, ya mayar, ya sake tashi, duk cikin minti ɗaya. Manyan jirage kuma suna amfani da 4-40, mai kauri. Du-Bro ba shi kaɗai ke yin irin wannan ba; Sullivan da Carl Goldberg na Shikago ma sun yi nasu. Abin da ya bambanta shi shi ne yawa da naci: bai bar wani lungu na jirgi ba tare da ya yi masa kaya ba.

Kafin a jima jerin ya yi tsawo. Hinjin nailan mai tsinken ƙarfe a tsakiya. Ƙahonni iri-iri. Zobban tagulla masu ɗan kusa a gefe, waɗanda ke hana taya zamewa daga gatarinta. Tayoyin da ba sa yawan tsalle in jirgi ya sauka da ƙarfi. Mahaɗi mai ƙwallo, wanda ke barin sanda ta juya ta kowace fuska ba tare da sakwarkwacewa ba. Bawul ɗin zuba mai ba tare da an cire murfin inji ba. Kowanne a cikin 'yar leda, da ɗan kwali a bisa, da lamba. Lambobin nan har suka zama yare a bakin masu harkar. Tsohon hannu ya san 121 shi ne E/Z Connector, 499 kuma ma'aunin farfela ne da ake kira Tru-Spin. Littattafan da ke zuwa da kwalin jirgi sukan jera abin da za ka ƙara saya, da lambar Du-Bro a gefe. Wannan talla ce da kuɗi ba sa saya: wani kamfani ne ke tura maka mai saye da lambar kayanka a rubuce a hannunsa.

Matsayinsa a harkar kamar na ɗan koli ne mai allura da zare da maɓalli a bakin layin teloli. Ba sunansa ake kira ba in riga ta yi kyau, amma duk telan da ke layin sai ya tsaya a gabansa, ko wane yayi ake ciki.

Wurin zama ma ya taimaka. A wancan zamani yankin Shikago da kewayensa shi ne cibiyar wannan sana'a a Amurka. Top Flite, wanda ya fito da ledar rufe jirgi ta MonoKote a 1966, a Shikago yake. Carl Goldberg ma haka. Robart, masu tayoyin da ke naɗewa cikin jirgi, suna St. Charles. Midwest Products na Hobart a Indiana. Sig, masu katakon balsa, sun kafu a Montezuma a Iowa a 1951. A Champaign kuwa, kudu da Shikago, manyan dillalai suka taso: Tower Hobbies a 1971, sannan Hobbico da Horizon Hobby. Ga kuma baje kolin Toledo a Ohio, wanda ƙungiyar Weak Signals ta riƙa shiryawa duk shekara, inda a lokacin kowane sabon kaya ke fara nuna fuskarsa. Yanki ne mai cike da maƙeran zamani, masu injin yankan ƙarfe da masu sassaƙa mazubin roba, kuma abin da kamfanin ƙananan kaya ya fi bukata ke nan.

Sau ɗaya Du-Bro ya fita daga wannan layi da gaske, kuma shi ne babin da aka fi tunawa. A farkon shekarun 1970 duniyar masu rediyo ta haukace a kan jirgi mai saukar ungulu. Shekaru ana gwadawa ana kasawa, sai Dieter Schlüter na Jamus ya nuna a 1970 cewa abin mai yiwuwa ne, da samfurin Bell Huey Cobra. A Amurka wani mai ƙira, Dave Gray, yana nasa ƙoƙarin, kuma Du-Bro ya ɗauki ƙirarsa ya fitar da ita kasuwa da sunan Whirlybird 505, helikwaftan rediyo na farko da wani kamfanin Amurka ya sayar a kwali. Ƙirar tana da ban mamaki. Maimakon a sa inji a cikin jiki a haɗa shi da giya, sai aka ɗora shi a can bisa, a kan babbar farfela, yana juya ƙaramar farfelar jirgi ta yau da kullum. Injin yana juya ƙaramar ta wannan fuska, ƙarfin turawar kuma yana mayar da shi kansa da babbar ta ɗaya fuskar. Ba giya mai tsada, ba kuloci. Sauƙi ne da araha, amma tuƙa shi sai mai haƙuri. Nauyi duk yana sama, ƙarfi kaɗan ne, kuma ba wanda zai koya maka domin kowa sabon shiga ne. Da yawa daga cikin waɗanda suka saya ba su wuce tsalle-tsalle a tsakar gida ba.

Kamfanin bai tsaya nan ba. Ya biyo baya da Hughes 300, da Shark, da Tri-Star, masu inji a ciki kamar yadda aka saba. Amma Jamusawa, Schlüter da Kavan da Graupner, sun riga sun yi nisa, ga Japanawa irin su Kalt da Hirobo suna tahowa da kaya masu kyau. Daga baya Du-Bro ya bar harkar helikwafta ya koma kan 'yan ledojinsa. Masu tara kayan tarihi suna ganin wannan a matsayin abin takaici. Ni ina ganin shi ne shawara mafi hikima da gidan ya taɓa yankewa. Helikwafta yayi ne da ke canzawa duk shekara biyu, yana cin kuɗin bincike, kuma in ka makara da ƙira ɗaya an bar ka. Zoben taya kuwa, wanda aka ƙera a 1975 yana shiga gatarin jirgin da aka haɗa jiya. Mazubin da ka biya sau ɗaya zai yi ta haifar maka da kuɗi har ya tsufa.

Kada a ɗauka ƙananan kaya ba su da ilimi a cikinsu. Ɗauki tankin mai. Jirgi yana juyewa ciki sama, yana hawa a tsaye, yana nitso, man kuma yana bin duk inda nauyi ya kai shi. Don haka tiyon da ke cikin tankin mai laushi ne, da ɗan dunƙulen ƙarfe a bakinsa, wanda ke faɗawa duk inda man ya taru. In tiyon ya yi tauri, inji ya mutu a tsakiyar juyi. Sannan robar da ta dace da metanol, wato silikon, kumbura take ta lalace a cikin fetur. Mai injin fetur sai ya sayi wani tiyo daban da wani murfi daban. Ko ɗauki farfela. Tana juyawa sama da sau 10,000 a minti. In fiffike ɗaya ya fi ɗaya nauyi ko da kaɗan, girgizar za ta kwance kusoshi, ta sa mai ya yi kumfa, ta kashe sarbo. Ma'aunin Tru-Spin sanda ce kawai da ke kwance a kan faifai masu juyawa ba tare da tirjiya ba; ka ɗora farfela, ɓangaren da ya fi nauyi ya sunkuya, ka goge shi da sanfefa har ta tsaya daidai.

Akwai kuma kayan da har yau ake gardama a kansa. E/Z Connector ɗan gangan tagulla ne mai rami, waya ta ratsa ta ciki, kusa ɗaya ta danne ta. Ba abin da ya fi shi sauƙin daidaitawa. Amma duk rayuwar jirgin tana rataye a kan kusa ɗaya da girgiza za ta iya kwancewa. Tsofaffin hannu da yawa sun yarda da shi a kan totur da ƙananan jirage kawai, ba sa kai shi kan jelar babban jirgi. Suna da gaskiya. Sauƙi ne ya sayar da shi, kuma sauƙin ne ke sa sabon shiga ya sa shi inda bai kamata ba.

Daga shekarun 1980 zuwa 1990 kasuwa ta fara juyawa ta hanyar da ta isa ta kashe kamfani irin wannan. Jiragen da aka riga aka haɗa aka rufe suka fara shigowa daga masana'antun Asiya, kowanne da 'yar jakar hinji da ƙahonni da tayoyi a cikin kwalinsa. In mutum bai gina jirgi ba, me zai kai shi bangon ledoji? Sai ga shi al'ada ta taso a tsakanin masu tuƙi: ka buɗe kwali, ka ajiye jakar da ta zo da shi gefe, ka je ka sayo wanda ka amince da shi. Wanda ya kashe ɗaruruwan daloli a kan inji ba zai yi rowar 'yan daloli a kan abin da ke riƙe da jela ba. Bayan shekara ta 2000 kuma batirin litiyam da injunan lantarki suka kori injin metanol daga yawancin filaye, jiragen soso marasa nauyi suka cika ko'ina, Spektrum ta kawo rediyon giga 2.4 a 2005. Filogi mai zare, wanda a kansa aka kafa kamfanin, ya zama kayan tsiraru. Du-Bro ya bi kasuwar ta ɓangarorinta biyu. Ya fitar da 'yan mitsi-mitsin mahaɗai da siraran sanduna da tayoyin soso don ƙananan jiragen lantarki, ya kuma ƙara masu kauri don manyan jiragen fetur, har da tayoyin da aka kwaikwayo daga na Piper Cub da takalman sauka a kan ƙanƙara. Ko da me jirgi yake tashi, sai an haɗa sarbo da leɓe.

A ɓangaren iyali, ragamar ta koma hannun ɗan Dewey, Jim Broberg. Gidan ya kuma faɗaɗa ta hanyar da ta dace da injunan da yake da su. Wanda ya iya zuba roba a mazubi da yanka ƙananan ƙarafa ba dole ba ne ya tsaya a kan jirage. Aka shiga kayan motoci da kwale-kwalen rediyo. Aka buɗe sashen kamun kifi, mai yin maratayan sandar fatsa da na'urar murɗa wayar ƙugiya. Aka kafa Pine Ridge Archery, mai yin tarkacen maharba da baka, a yankin da farautar barewa da kibiya babbar al'ada ce. Wannan ma irin tunanin farko ne: ba sa ƙera baka, ba sa ƙera sandar fatsa, abin da ke liƙe da su suke yi. Yau kayan kamfanin sun haura dubu, kuma yana tinƙaho da cewa a Amurka yake ƙera mafi yawansu.

Idan aka waiwayi waɗanda aka taso tare, sai a ga nisan tafiyar. Kraft, wanda rediyonsa ya mamaye shekarun 1960 da 1970, ya ɓace bayan shigowar na Japan. Carl Goldberg ya rasu a 1985, sunan kamfaninsa ya koma hannun wasu. Top Flite ya shiga ƙarƙashin Hobbico. Graupner na Jamus, gidan iyali tun 1930, ya durƙushe a 2012, wani kamfanin Koriya ta Kudu ya karɓi sunan. Hobbico kansa, babban dillalin da ke rarraba kayan ƙananan kamfanoni da yawa, ya shigar da takardar karyewa a Janairun 2018, Horizon ya sayi ɓangarensa na rediyo. Shagunan unguwa masu bangon ledoji suna ta rufewa, ciniki ya koma intanet. Waɗanda suka faɗi yawanci masu manyan kaya ne masu tsada, waɗanda ake kwatanta farashinsu, waɗanda kuma wani zai iya yin mafi kyau ko mafi araha a wata ƙasa. Ba wanda ke zama ya kwatanta farashin zoben taya.

Wannan ba ya nufin hanya a share take. Masu gina jirgi da hannunsu suna tsufa, matasa kuma sun fi karkata ga jirage marasa matuƙi masu farfela huɗu, waɗanda ba su da leɓe ko ɗaya, balle sanda ko hinji. Saurin injunansu kawai ake canzawa su juya. A Disambar 2015 hukumar jiragen sama ta Amurka ta wajabta rajista ga duk abin da ya haura giram 250, daga baya ta ƙara jarrabawa da na'urar bayyana kai, abin da ya ƙara wa sabon shiga nauyi. Katakon balsa, wanda mafi yawansa daga Ekwado yake fitowa, ya yi tsada da wuyar samu a wajen 2019 da 2020, saboda masu ƙera fukafukan injin iska, musamman a Sin, sun yi ta kwashe shi. Ga kuma injin buga kaya na gida, wanda ke narka roba ya gina abu daga zanen kwamfuta. Da shi mutum zai iya buga ƙaho ko cibiyar taya a ɗakinsa cikin rabin awa, kuma da yawa suna yi. Abin da bai iya bugawa ba tukuna shi ne ƙarfen sifirin, da tagulla mai zare, da tiyon da fetur ba ya ci, kuma waɗannan su ne ƙashin bayan abin da ake ɗurawa a leda a Wauconda.